1948: Shekarar Da Duniya Ta Koma Filin Wasa Da Tabon Yaƙi A Jikinta

Titin da 'yan kallo suka tako daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin wasa na Wembley ranar 29 ga Yulin 1948, fursunonin yaƙi Jamusawa na cikin leburorin da suka shimfiɗa shi. Shekara uku ke nan da gama yaƙin duniya na biyu, amma Birtaniya ba ta gama sallamar su ba. Sun yi aikin titin, sai dai ƙasarsu ba ta cikin ƙasashe 59 da suka yi jerin gwano a gaban Sarki George na Shida a wannan rana, domin ba a kai mata goron gayyata ba. Mai son fahimtar wasannin Olamfik na wannan shekara, waɗanda aka buɗe a Landan a wannan rana, daga nan ya kamata ya fara. An daina harbi tun 1945, amma yaƙin ne ya yanke wanda zai zo Landan da wanda za a bari a gida. Shi ne ya raba masu zuwa a ƙoshe da masu zuwa da yunwa, kuma ko teburin lambobin yabo da hannunsa a ciki.

Rabon duniya da gasar Olamfik tun ta Balin a 1936, wadda Hitler ya mayar dandalin nuna isa. Ta 1940 an ba Tokyo, daga baya aka mayar da ita Helsinki, sannan aka fasa. Ta 1944 Landan aka ba, ita ma ba a yi ba. Kofin duniya na ƙwallon ƙafa kuwa, daga na Faransa a 1938 sai na Brazil a 1950. Shekara 12 a rayuwar ɗan wasa ita ce rayuwar gaba ɗaya. Wanda yake ɗan shekara 20 a Balin ya zo Landan yana da 32, in ma ya zo ke nan. Da yawa ba su zo ba. Luz Long, Bajamushen da ya zo na biyu a bayan Jesse Owens a dogon tsalle, ya mutu da raunin da ya samu a fagen daga a Sisili a 1943. Janusz Kusociński, ɗan Polan da ya ci zinare a gudun mita 10,000 a 1932, 'yan Nazi suka harbe shi a dajin Palmiry kusa da Warsaw a 1940. Takeichi Nishi na Japan, gwanin sukuwar doki da ya ci zinare a Los Angeles, a tsibirin Iwo Jima ya gamu da ajalinsa a 1945.

Mai masaukin da ba shi da ko sisi

Wasannin hunturu su aka fara yi, daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, a garin St. Moritz na Suwizalan. Dalilin zaɓen garin a fili yake: Suwizalan ba ta shiga yaƙin ba, kuma wuraren da aka yi gasar 1928 suna nan ko ƙwarzane babu. Landan kuwa labarinta daban. Lokacin da kwamitin Olamfik na duniya ya ba ta gasar a 1946, unguwanni da dama kufai ne saboda ruwan bama-bamai, bashi ya yi wa gwamnati katutu, ga kuma mugun sanyin farkon 1947 da ya tsayar da masana'antu saboda ƙarancin kwal. Nama, man shanu, sukari, tufafi da fetur, duk sai da kati, kuma a ƙayyade. Burodi ma, wanda ko a tsakiyar yaƙi ba a ƙayyade shi ba, an sa shi a kati a 1946, ba a cire shi ba sai 'yan kwanaki kafin buɗe gasar. Wasu jaridun ƙasar sun fito ƙarara suna cewa a haƙura da wannan biki.

Gwamnatin Firaminista Clement Attlee ta amince a yi, da tunanin baƙi za su shigo da kuɗin waje, amma ba da baitulmali za a yi ba. Saboda haka kwamitin shirya gasar, ƙarƙashin Lord Burghley, bai gina sabon filin wasa ko ɗaya ba, bai kuma gina unguwar 'yan wasa ba. Wembley a lokacin tseren karnuka ake yi a cikinsa, sai aka zuba tokar kwal aka daddaɓe ta zama hanyar gudu. Maza aka sauke su a barikokin sojan sama na Uxbridge da West Drayton da wani sansanin soja a Richmond Park, mata kuma a ɗakunan kwanan ɗalibai na kwalejoji. An ce wa kowa ya zo da tawul ɗinsa. Zuwa filin wasa, bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa ake hawa tare da jama'ar gari. Da aka yi lissafi a ƙarshe, abin da aka kashe bai kai fam 750,000 ba, har ma aka ci ribar kusan fam 30,000. BBC ta biya kimanin fam 1,000 don nuna gasar a talabijin.

Maganar abinci ita ce ta fi nuna halin da ake ciki. Rabon mutumin gari a Birtaniya kalori 2,600 ne a rana. 'Yan wasa sai aka ɗaga musu zuwa 5,467, daidai da rabon masu haƙar kwal da 'yan dakon tashar jiragen ruwa. Ko da haka, sai da aka roƙi ƙasashe su taho da guzurinsu. Denmak ta aiko da ƙwai 160,000, Holan ta aiko da 'ya'yan itatuwa tan-tan, Amurkawa kuwa jirgin sama ke kawo musu nasu daga gida. Abin da ya rage bayan gasar, asibitocin Birtaniya aka kai wa.

To, a dubi teburin lambobi da wannan a zuciya. Amurka, wadda ba a rusa mata birni ko ɗaya ba, ta kwashi zinare 38. Ta biyu ita ce Suwidin, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 7 ba a lokacin, da zinare 16, har da na ƙwallon ƙafa inda ta doke Yugoslabiya 3 da 1 da 'yan gabanta Gunnar Gren da Gunnar Nordahl da Nils Liedholm. Suwidin ba ta shiga yaƙin ba. Samarinta ba su mutu a rami ba, kulob-kulob ɗinta ba su rufe ba, yaranta sun sha madara. Turkiyya, wadda ita ma ta kauce wa yaƙin sai a watanninsa na ƙarshe, ta ci zinare 6, duka a kokawa. Mai masaukin baƙi kuwa zinare 3 kacal ta samu, biyu a tseren kwale-kwale, ɗaya a tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, ta ƙare a matsayi na 12. Ba a ce ƙoshi kaɗai ke kawo lamba ba, domin Hangari da Finlan da Faransa sun sha wuyar yaƙi iya wuya kuma sun taka rawar gani. Amma su sai da suka fara hawa tudun da Suwidin da Amurka ba su hau ba.

Waɗanda aka bari a gida

A hukumance, dalilin ƙin gayyatar Jamus da Japan shi ne duka biyun suna ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance, babu wata hukumarsu ta wasanni da aka amince da ita da za a aika wa takarda. A zahiri, ciwon ne bai warke ba. Bama-baman Jamus sun kashe fararen hula sama da 40,000 a Birtaniya tsakanin 1940 da 1941 kawai, kuma sojojin da suka tsira daga sansanonin fursuna na Japan suna nan a gari da ramarsu. Ba sabon abu ba ne: bayan yaƙin farko ma, a gasar Antwerp ta 1920, an hana Jamus da Ostiriya da Hangari da Bulgeriya da Turkiyya zuwa. Italiya ita ta tsallake a 1948, don ta juya wa Hitler baya tun 1943.

A ganina ba za a ga laifin mutanen Landan ba da ba su shirya tashi tsaye don taken Jamus a Wembley ba. Sai dai a san cewa hukuncin bai faɗa kan janar-janar ba, kan yara ya faɗa. Hironoshin Furuhashi ɗan shekara 19 ne a lokacin, ɗalibi, ya rasa wani ɓangare na yatsarsa a masana'antar da aka tura shi aiki lokacin yaƙi. Hukumar ninƙaya ta Japan ta shirya gasarta ta ƙasa a daidai kwanakin da ake ta Landan, da gangan, don a gwada lokaci da lokaci. A mita 1,500 Furuhashi ya yi minti 18 da daƙiƙa 37. Ba'amurken da ya ci zinare a Landan, Jimmy McLane, minti 19 da daƙiƙa 18 da rabi ya yi. Tazarar ta wuce daƙiƙa 40, wato da a tafki ɗaya suke, da Furuhashi ya ba shi fiye da tsawon tafkin. Ba a rubuta masa bajintar a kundin duniya ba, domin an fitar da Japan daga hukumar ninƙaya ta duniya. Da aka sake buɗe wa ƙasarsa ƙofa a Helsinki a 1952, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, na 8 ya zo a mita 400. Bai taɓa rataya lambar Olamfik ba.

Tarayyar Sobiyet ba hana ta aka yi ba, ita ce ba ta zo ba, sai a 1952. Amma inuwarta ta zo. A watan Fabrairu 'yan gurguzu sun karɓe mulki a Cekoslobakiya. A watan Yuni Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacin Balin, har ya zama lokacin da ake gudu a Wembley jiragen Birtaniya da na Amurka suna jigilar kwal da gari ta sama zuwa birnin. Tawagar matan Cekoslobakiya ta ci zinare a wasan alkafura da lanƙwasa jiki cikin makoki, domin ɗaya daga cikinsu, Eliška Misáková, shan inna ya kama ta da isowarsu, ta rasu a asibiti a Ingila, 'yar uwarta Miloslava na cikin waɗanda suka yi wasan. An ɗaga tutarsu da baƙin ƙyalle a jiki. Shugabar tawagar, Marie Provazníková, ta ƙi komawa gida saboda sabon mulkin. Daga kanta aka fara abin da ya zama ruwan dare a shekarun yaƙin cacar baka, ɗan wasa ya je gasa ya nemi mafaka.

A Italiya ma siyasa da wasa sun haɗu a wannan bazara. Ranar 14 ga Yuli wani ya harbi shugaban jam'iyyar gurguzu, Palmiro Togliatti, a Rum, ƙasar ta rikice da yajin aiki da tarzoma. A kwanakin da suka biyo baya Gino Bartali, yana da shekara 34, ya ci zango uku a jere a duwatsun Alps ya lashe tseren keke na Tour de France, shekara 10 cif bayan ya fara cin sa a 1938. Italiyawa kan ce shi ya hana yaƙin basasa. Wannan zuzutawa ce, domin shugabannin gurguzun da kansu sun nemi mutanensu su kwantar da hankali. Abin da ba zuzutawa ba shi ne wanda Bartali ya ɓoye har ya mutu: lokacin mamayar Jamus, ya riƙa cusa takardun shaida na jabu cikin bututun kekensa, yana fakewa da atisaye, yana kai wa Yahudawan da ke ɓoye.

Matar da aka ce ta tsufa

Fanny Blankers-Koen ta Holan tana da shekara 18 ta je Balin, ba ta samo komai ba. Shekarun ƙarfinta duk a ƙarƙashin mamayar Jamus suka wuce, har da hunturun yunwa na 1944 zuwa 1945 da ya kashe dubban mutane a ƙasarta. Ta zo Landan tana da shekara 30 da 'ya'ya biyu. Wasiƙu sun yi ta zuwa mata cewa uwa ba ta da hurumin fita da gajeren wando tana gudu, ta koma ta kula da yara. Wasu masana kuma suka ce ta tsufa.

Ta ci mita 100. Ta ci mita 80 na tsallake shinge da ƙyar, ita da Maureen Gardner ta Birtaniya lokaci ɗaya agogo ya ba su. Kafin zagayen kusa da ƙarshe na mita 200 sai ta fashe da kuka a ɗakin canza kaya, ta ce wa mijinta Jan Blankers, wanda shi ne mai horar da ita, gida take son komawa wurin 'ya'yanta. Ya lallashe ta ta fita. A zagayen ƙarshe, kan jiƙaƙƙiyar hanya, ta ba ta biyu tazarar kashi 7 cikin 10 na daƙiƙa, wanda a irin wannan gudu rata ce mai yawa ƙwarai. A gudun miƙa sanda ta karɓa tana baya, ta kamo su ta wuce. Zinare 4 ke nan cikin 5 da Holan ta samu gaba ɗaya. Kuma ita ce ke riƙe da bajintar duniya a dogon tsalle da tsallen sama, amma doka ta hana mace shiga fiye da wasa uku na ɗaiɗaiku. Dokokin zamanin sun raina ƙarfin mata har ya zama mita 200 ne gudu mafi tsawo da aka yarda su yi, kuma cikin 'yan wasa 4,104 mata 390 ne kawai. Da ta koma Amsterdam, maƙwabtanta keke suka ba ta kyauta.

Wasu kuma raunin a jikinsu yake. Károly Takács, sajan a sojan Hangari, gurneti ya fashe masa a hannun dama a 1938, hannun da yake harbi da shi. Ya koya wa na hagu, ya ci zinare a harbin ƙaramar bindiga a Landan, ya sake ci a 1952. Étienne Gailly, sojan laima ɗan Beljiyom, shi ya fara shigowa Wembley a gudun fanfalaki, yana tangaɗi ƙafafu sun ƙi, Delfo Cabrera na Ajantina da Tom Richards na Birtaniya suka wuce shi a cikin filin. Ya lallaɓa ya ƙarasa na uku, aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya. Wanda ya zo na biyu a bayan Emil Zátopek a mita 10,000, Alain Mimoun, haifaffen Aljeriya ne da ya yi wa Faransa yaƙi, ɓarɓashin bam ya same shi a ƙafa a Monte Cassino a 1944 har aka yi shawarar yanke ta. Irinsa ɗaya da dubban samarinmu da aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma): sun yi yaƙin da ba nasu ba, a ƙarƙashin tutar da ba tasu ba. Lambarsa ma a lissafin Faransa ta shiga.

Sababbin tutoci

Yaƙin ya karya ƙashin bayan daulolin mulkin mallaka, kuma an ga alamar hakan a jerin gwanon. Indiya ta ci zinaren hoki a 1928 da 1932 da 1936, amma duk a matsayin mallakar Ingila, kuma a duk waɗannan shekaru Birtaniya ba ta shiga gasar hokin ba, don haka ba su taɓa karawa ba. Ranar 12 ga Agustan 1948 suka haɗu a wasan ƙarshe a Wembley, Indiya ta lallasa ta 4 da nema, Balbir Singh ya zura biyu, saura kwana uku ƙasar ta cika shekara ɗaya da 'yanci. Murnar tana da ɗaci a ƙasanta, domin rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta tsaga ƙungiyar biyu. Ali Iqtidar Shah Dara, wanda ya ci wa Indiya zinare a Balin, shi ne kyaftin ɗin Pakistan a Landan.

Tutar Koriya kuwa Sohn Kee-chung ne ya riƙe ta. Shi ne ya ci gudun fanfalaki a 1936 da sunan Japananci da rigar Japan, ya sunkuyar da kai lokacin da ake buga taken masu mulkin ƙasarsa. Jamaika ta zo karon farko, Arthur Wint, wanda ya tuƙa jirgin sojan saman Birtaniya lokacin yaƙi, ya ci mita 400, ɗan ƙasarsu Herb McKenley na biye da shi. Alice Coachman ta Amurka ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinaren Olamfik, a tsallen sama. Sarkin Ingila ne ya miƙa mata lambar, amma a bikin da aka shirya mata a garinsu Albany na jihar Jojiya, farare na gefe baƙaƙe na gefe, magajin garin ma bai ba ta hannu ba.

Afirka fa? Masar ta zo ta ci zinare 2 a ɗaga ƙarfe ta hannun Mahmoud Fayad da Ibrahim Shams. Afirka ta Kudu ta zo da tawagar farare zalla, a shekarar da jam'iyyar wariyar launin fata ta ci zaɓe. Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) sai a 1952 suka fara zuwa. Amma akwai ɗan Najeriya a Wembley: Adegboyega Adedoyin, ɗan sarautar Remo da ke karatun likita a Belfast, ya zo na 5 a dogon tsalle, da rigar Birtaniya.

A ranar da aka buɗe gasar Landan, a harabar wani asibiti da ke Stoke Mandeville, arewa maso yammacin birnin, mutum 16, maza 14 da mata 2, suka yi gasar harbin kibiya a kan keken guragu. Tsofaffin sojoji ne da lakarsu ta samu rauni. Likitansu, Ludwig Guttmann, Bayahude ne da ya tsere daga Jamus a 1939, gwamnati ta ba shi sashen masu ciwon laka a 1944 saboda ana sa ran kwararar masu rauni daga fagen Faransa. Kafin shi, irin waɗannan majinyata jiran mutuwa kawai ake yi da su. A yaƙin farko mafi yawansu ba su daɗe ba, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe su. Guttmann ya sa dokar a juya kowane majinyaci duk bayan awa biyu, dare da rana, ya tsananta tsafta, ya kuma tilasta motsa jiki da koyon sana'a. Wasa a wurinsa magani ne, kuma bai zaɓi 29 ga Yuli da ka ba. Yana son a san cewa waɗannan ma 'yan wasa ne.

A nan nake ganin aikin da ya fi kowanne nauyi a wannan shekara, duk da cewa mutum sama da 80,000 suna Wembley, a asibitin kuwa ban da ma'aikata da 'yan uwa ba kowa. Aka ci gaba da yin gasar duk shekara. A 1952 tsofaffin sojojin Holan suka shigo, ta zama ta ƙasa da ƙasa. A 1960 aka kai ta Rum, 'yan wasa kusan 400 daga ƙasashe 23, wadda ita ake lissafawa gasar Paralamfik ta farko. Najeriya ta fara shigarta a Barcelona a 1992, kuma a Rio a 2016, inda tawagarta ta Olamfik ta dawo da tagulla ɗaya tilo ta ƙwallon ƙafa, masu buƙata ta musamman zinare 8 suka kawo gida.